Oba-oba a jakar mai tafiya Umara

Sani Ɗan Inna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. In Allah ya kai mu, nan da sati uku zan raka Inna da Gwaggo Asabe Umara. Kun dai san Inna da waya, in aka kira ta jan take dannawa ta kashe, sannan ta ce mai kiran ne ba shi da haƙuri. Gwaggo kuma ga gwiwa, ba ta iya bin sawun mutane. Shi ne jiya da na shiga Kano na sayo oba-oba guda uku irin ta 'yan sintirinmu, kowa ya rataya tasa. In cunkoso ya raba mu a Harami sai a danna a yi magana, ba kati ba neman sabis. Mai shagon ya ce min ba ruwanta da lasisi ko'ina a duniya, kuma tana cin kilomita 50. Tambayata, a jakar hannu ake sa ta ko a babbar jaka?

Kwamanda Iro: Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a sa mu a addu'a. Dabararka ta yi. Shekara huɗu muna aiki da ita ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ka dai tafi da caja.

Hajiya Binta: Masha Allah, Allah ya karɓa. Amma Sani, wa ya ba ka wannan shawarar?

Sabi'u Mai Rediyo: Kafin maganar jaka, yi min abu ɗaya. Juya bayanta, danna ɗan makullin da ke saman batir ka zare shi. Za ka ga 'yar takarda a manne a ciki. Karanto min abin da ke jiki.

Sani Ɗan Inna: Na cire, Kawu. An rubuta Baofeng UV-5R. A ƙasa kuma akwai 136-174 da 400-520.

Sabi'u Mai Rediyo: Abin da na zata kenan. To mayar da ita kwalinta tukuna mu yi magana. Lambobin nan su ne faɗin filin da take iya shiga. Ka ɗauki iskar da muryar rediyo ke bi kamar kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ga karar shanu can, ga wajen raƙuma, ga 'yan hatsi, ga 'yan awaki, kowa da inda aka yanka masa. Haka kowace gwamnati ta yanka zangunan iskarta. Wannan na 'yan sanda, wannan na motar asibiti, wancan na jiragen ruwa, wancan na kamfanonin da suka biya kuɗi. Wasu ƙasashen sai su ware ɗan lungu su ce jama'a ku yi hirarku a nan ba sai da takarda ba. Lungun nan ba a wuri ɗaya yake a kowace ƙasa ba, inda ake sayar da goro a wannan kasuwar mahauta ne a waccan. Taka kuwa ba ta ma san lungu ba. Saniya ce ba igiya, daga megahaz (ma'aunin zangon rediyo kenan) 136 zuwa 174, daga 400 zuwa 520, duk gonar da ka juya ta za ta faɗa.

Sani Ɗan Inna: Amma fa mutumin nan har rantsuwa ya yi min.

Sabi'u Mai Rediyo: Ai bai nemi lasisi a wajenka ba kafin ya karɓi kuɗi, ta nan dai bai yi ƙarya ba.

Nura Ingila: Ina wuni Kawu Sabi'u, ina wuni Yaya Sani. Bari in sa baki, don abin ya taɓa ba ni mamaki da na zo nan. Ana sayar da ƙananan oba-oba a manyan shaguna, har yara ake saya wa su yi wasa. Sunan tsarin PMR446, saboda a kan megahaz 446 suke, kuma yawancin ƙasashen Turai sun yarda da shi ba lasisi. Sai dai da sharaɗi. Ƙarfinta kada ya wuce rabin wat, eriyarta a manne take ba a kwancewa, tashoshinta 16 ne kawai ba ka da ikon fita daga cikinsu. Ta Yaya Sani tana kai wat 5, ninki goma kenan, ga eriya mai kwancewa. Ko ya saita ta a kan 446 ɗin daidai, a nan ba ta halatta ba, don ita kanta na'urar ba ta cika sharaɗi ba.

Kwamanda Iro: Wannan ai Turai ce. Su komai sai sun sa masa doka, har kare.

Nura Ingila: To ga Amurka, Kawu Iro. Su nasu lungun a 462 da 467 yake, suna ce masa FRS, tashoshi 22, ƙarfi bai wuce wat 2 ba. Wanda yake son mai ƙarfi sai ya yanki lasisin GMRS, dala 35 na shekara 10, shi da iyalinsa. Abin dariyar, in Bature ya ɗauki tasa ta 446 ya sauka Amurka ya danna, ya faɗa filin masu lasisin sha'awar rediyo, waɗanda sai sun ci jarrabawa ake ba su. In Ba'amurke ya kawo tasa nan, shi ma ya shiga filin wasu. Kowannensu a gida bai yi laifi ba. Ostareliya nasu a 477 ne. Ita kanta Sin ɗin da ake ƙera Baofeng, lungunsu na kyauta a 409 yake, rabin wat.

Hajiya Binta: Wato ko a gidan ubanta ba a sake ta haka ba.

Baba Tanko: Jikana ke rubuta min. Ni abin da ban gane ba, iska ta Allah ce. Wa ya saya har zai yanka ta fuloti-fuloti? Yau an ce sai da takarda za ka yi magana a iska, gobe sai a ce sai da takarda za ka shaƙe ta.

Sabi'u Mai Rediyo: Allah ya ƙara girma Baba. Ruwan Haɗeja ma na Allah ne, amma in kowa ya fasa kwalbati inda ya ga dama, na ƙasa ba zai ga ruwa ba. Iska haka take. In mutum biyu suka danna a zango ɗaya lokaci ɗaya, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, ko kuma duk a ji ƙara. Ka ƙaddara mai motar asibiti yana neman a buɗe masa hanya, sai muryar Inna ta shigo tana tambayar Sani ina ya ajiye mata takalmi.

Baba Tanko: To wannan kam na ji.

Ado Direba: Ni fa na ji an ce tana iya faɗo da jirgin sama, shi ya sa ake hana ta.

Sabi'u Mai Rediyo: A'a Ado, kada mu ƙara mata laifin da ba nata ba. Matuƙa jirgi suna magana ne tsakanin 118 da 137, kuma da wani salon aika murya daban da nata. Amma ga wanda ke cikin filinta tsundum, 156.8. Wannan ita ce tasha ta 16 ta jiragen ruwa, wadda duk duniya aka ware don neman ceto a teku. Jidda kuwa bakin teku ce, ga babbar tashar jiragen ruwa. Yaro ya yi ta latse-latsen lambobi yana wasa, zai iya sauka a kanta bai sani ba.

Musa Dutse: Salamu alaikum, yanzu na fito daga ofis na tarar da zance ya yi nisa. Abin da Malam Sabi'u ya faɗa haka yake a rubuce. Akwai hukumar duniya ta sadarwa, ITU, a Janiba, tun 1865 take, yanzu tana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta raba duniya shiyya uku. Mu da Turai da ƙasashen Larabawa shiyya ta ɗaya, nahiyar Amurka ta biyu, yawancin Asiya da Ostareliya ta uku. Amma ko a cikin shiyya ɗaya, kowace ƙasa ita ke da ikon iskarta, ita ke cewa wane ya yi magana wane kada ya yi. Saudiyya hukumarsu CST ce, da CITC ake ce mata kafin su sauya suna a 2022. Ita ke ba da izinin shigar da na'urar sadarwa marar waya da amfani da ita. Nijar kuma ARCEP. Takardar da aka ba ka a Abuja, ko da kana da ita, a bakin boda take tsayawa.

Alhaji Ɗanjuma: Maganar bakin boda ta sa dole in yi magana. Sani ɗana, saurara ka ji abin da ya same ni, ba labari aka ba ni ba.

Bayan da aka buɗe bodar Nijar a 2024 na tsallaka sayen shanu. Yaran da ke koro min su a ƙafa sukan shiga inda ba sabis, in ma akwai sai layin ya riƙa tsalle, yanzu na nan anjima na can, kati ya ƙare ba ka ce komai ba. Sai na sayi oba-oba biyu irin taka, ɗaya a hannun babban yaron, ɗaya a wurina. Tafiya biyu muka yi lafiya, har ina yi wa abokan sana'a gori.

Ta ukun, ranar Laraba da hantsi, muka iso wani shinge. Na saba wucewa, gaisuwa ce kawai a duba takarda. Ran nan sai ɗaya ya ce in ɗaga kujerar mashin. Tana nan a naɗe cikin tsumma tare da filaya da fulogi. Wallahi yadda fuskar mutumin nan ta sauya, ka ce bindiga ya gani. Bai yi min tsawa ba. Ya ɗauke ta da yatsa biyu, ya kira na gaba da shi. Ana cikin haka sai ta yi ƙara, yaron nan ya danno daga daji, "Alhaji, Alhaji, mun taso, muna nan tafe mu shida." Shanu shida yake nufi har da ɗan maraƙi, shi haka yake lissafi. Ku ƙaddara yadda maganar nan ta faɗa a kunnen mai kaki.

Aka zaunar da ni gindin wata aduwa. Su waye shidan? Daga ina suka taso? Wa ya ba ka wannan? Ina takardarta? Na fito da rasit na shago, ya duba ya miƙo min, ya ce wannan shaidar ka biya kuɗi ce, shi shaidar an yarda ka yi magana yake tambaya. Ban taɓa sanin abu biyu ne ba sai ran nan. A nan na yi azahar na yi la'asar. Sai da shanun suka iso aka ƙirga su, mai garin da nake sauka a gidansa ya zo da kansa ya tsaya min, sannan aka sallame ni. Oba-oba biyun suna can har yau, ban kuma koma tambaya ba. Kasuwar Alhamis ta wuce ni, na yi sati ina ciyar da shanu da kuɗin aljihuna.

Kuma ban riƙe su a zuciya ba. Yadda ƙasar nan take yanzu, in ni ne a shingen, da abin da zan yi kenan. To wannan fa inda muke jin yaren juna ne, muna da surukai a can. Ina ga inda ba ka iya cewa komai sai na'am da la?

Sani Ɗan Inna: Innalillahi. Alhaji ban taɓa jin wannan labarin ba.

Alhaji Ɗanjuma: Ai ba abin faɗa ba ne a majalisa. Don kai ne.

Kwamanda Iro: Allah ya kiyaye gaba Alhaji. Amma ni fa maganar Musa ce ta tsaya min. Kana nufin mu ma nan gida laifi muke yi? Hakimi ya san muna da ita, jami'an tsaro sun sani, tare muke fita wani lokacin.

Musa Dutse: Kwamanda, sani daban, lasisi daban. Tun 1961 akwai dokar sadarwa marar waya a ƙasar nan, ta ce ba a kafa ko amfani da na'urar aika saƙo ta iska sai da lasisi. Rabon aikin kuma haka yake: zangunan kasuwanci irin na kamfanonin waya hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ke bayarwa bisa dokar 2003, na gidajen rediyo da talabijin hukumar da ke kula da su, NBC, waɗanda ba na kasuwanci ba kuma Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya. Ba cewa nake za a zo a kama ku gobe ba. Cewa nake an kau da kai ne saboda ana ganin amfaninku.

Kwamanda Iro: To su zo su tsare mana garin mu ajiye. Lokacin da aka katse sabis a Zamfara a watan Satumba na 2021, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, da me mutane za su kira juna in an shigo musu? Da lasisi? Ku 'yan ofis kuna da daɗin baki.

Musa Dutse: Ban ce ku ajiye ba, ranka ya daɗe. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Sabi'u Mai Rediyo: Iro, tunda ka taso da naku, akwai abin da ya fi lasisin damuna, na daɗe ina son faɗa maka. Ƙananan nan da kuka ƙaro bara, BF-888S masu tasha 16, kun kawo an sake saita su ko yadda suka fito daga kwali kuke aiki da su?

Kwamanda Iro: Yadda suka zo. Muna kan tasha ta 5, kuma akwai lambar sirri, wani ba ya jin mu.

Sabi'u Mai Rediyo: Babu sirri ko na sisin kwabo. Irin waɗannan da zanguna iri ɗaya suke fitowa daga kamfani. Duk wanda ya sayi irinta a Kano ko a Damagaram ya murɗa zuwa 5, in yana kusa, yana jin ku kamar yana tsakiyarku. Abin da kake kira lambar sirri ɗan amo ne da ake haɗawa da murya, aikinsa ya toshe kunnen taka rediyon kada ta ji na wasu. Bai toshe kunnen kowa daga jin ka ba. Kamar mutum ne ya sa auduga a kunnensa ya tsaya tsakiyar kasuwa yana faɗar inda ya binne kuɗi. Ni da ke shago na sha jin ku da dare kuna cewa ku bi ta bayan makabarta.

Kwamanda Iro: Kai Sabi'u! Shi ne ba ka taɓa faɗa ba?

Sabi'u Mai Rediyo: Na faɗa wa mataimakinka sau biyu, ya ce in bar muku aikinku.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi haƙuri, maganar sintiri a koma da ita gefe, ba a nan ake baje ta ba. Kwamanda ka ga Sabi'u gobe. A dawo kan tafiyar Inna.

Ado Direba: To ni ga shawara. A kwance eriya, a cire batir, a tura kowanne cikin garin kunu ko ƙullin yaji. Wa zai gani?

Hajiya Binta: Ado ka ji tsoron Allah. Tsohuwa za ka sa a tsare a ƙasar mutane? Goro ma da muke ci kullum ana yi wa maniyyata gargaɗi kada su ɗauka, balle wannan.

Sabi'u Mai Rediyo: Na'urar haska kaya ba ta san garin kunu ba, ƙarfe da waya take nunawa. Wanda aka gani da ita a fili zai iya cewa ban sani ba, a karɓe a sallame shi. Wanda aka zaro wa ita daga cikin yaji me zai ce?

Nura Ingila: Kuma lokacin ma bai dace ba. Ku tuna Labanan a watan Satumba na 2024. Ranar 17 ƙananan na'urorin karɓar saƙo suka yi ta fashewa a jikin mutane, washegari 18 sai oba-oba. Bayan nan kamfanin Emirates ya hana shiga jirginsa da su gaba ɗaya, ko a jakar hannu ko a babba, ga duk mai zuwa Dubai ko mai bi ta can. Tun daga lokacin idon ma'aikatan filin jirgi a kanta yake.

Sani Ɗan Inna: Mu ba ta Dubai za mu bi ba, daga Kano sai Jidda.

Nura Ingila: Na sani Yaya. Ina nufin mai duba kaya a ko'ina ya ga labarin nan a talabijin.

Musa Dutse: Ku bar ta talaka ma. Da sojoji suka yi juyin mulki a Myanmar a watan Fabrairu na 2021, tuhumar farko da suka yi wa Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin da suka hamɓarar, ita ce an samu oba-oba a gidanta da aka shigo da su ba bisa ƙa'ida ba. A Janairun 2022 aka yanke mata shekara huɗu a kan wannan da wata tuhumar. Kowa ya san siyasa ce, amma ku duba da wace igiya aka fara ɗaure ta. Doka ce da ke kwance ba mai kula ta, sai ranar da ake neman ka.

Kwamanda Iro: Musa, yau dai ni kake yi wa wa'azi a fakaice.

Malam Na'ibi: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Sani, niyyarka kyakkyawa ce, hidimar uwa kake, Allah ya ba ka lada. Amma biza alkawari ce. Da ka karɓe ta ka yarda za ka bi tsarin masu ƙasa a abin da ba saɓon Allah ba, kuma cika alkawari wajibi ne. Ba ya kyautuwa mutum ya ɗaura harami da abin da yake ɓoyewa a jaka, zuciyarsa na dukan uku-uku a gaban jami'i maimakon ta tafi ga talbiyya. Maganar Ado kuwa a bar ta, wasa yake.

Ado Direba: Allah gafarta Malam, wasa nake. Na janye.

Sani Ɗan Inna: Na gode Malam. To Kawu Sabi'u, in na nemi izinin fa? Ko in sayi ƙaramar irin ta su Nura?

Sabi'u Mai Rediyo: Ƙaramar ma masu ƙasa ne za su ce e ko a'a, ba Turawa ba. Izini kuma daga wajensu yake fitowa, a rubuce, kafin ka tashi. Kai da ke da sati uku, ga allura ga canjin kuɗi ga ɗinkin su Inna, ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan kilomita 50 ɗin nan, Iro faɗa masa gaskiya, nawa take kai muku?

Kwamanda Iro: Gaskiya da rani in fili ya buɗe muna jin na ƙauyen gaba, kamar tafiyar awa ɗaya a ƙafa. Da damina in gero ya rufe mutum sai ta riƙa yankewa. In muna son nisa sai yaro ya hau tankin ruwa.

Sabi'u Mai Rediyo: Ka ji. Irin wannan zangon kusan kamar ido yake, abin da ya tare gani yana rage shi. Nan Jigawa ce shimfiɗe kamar tabarma. Makka kuwa duwatsu ne da benaye masu hawa da yawa, kankare da ƙarfe ko'ina. Kana cikin ɗaki a masauki Inna na ƙasan Harami, ba lallai ku ji juna ba.

Hajiya Binta: Ku maza kun yi ta lissafin lambobi, ba wanda ya tambayi yadda wurin yake. Sau uku ina zuwa, biyu da tsohuwa. Sani, a cikin ɗawafi hannunka ɗaya na riƙe da ita ɗaya na kare ta daga turereniya, da wanne za ka danna? Ga ƙarar mutane, ko wanda ke gefenka sai ka ɗaga murya. A ƙofa askarawa na leƙa jaka. Ka ƙaddara Inna ta fito da abu mai dogon eriya ta kafa a baki tana "Sani kana ina", minti nawa za a yi kafin a kewaye ta? Ita da ba ta jin Larabci, kai kuma kana wani ɓangaren.

Ga abin da na yi wa tawa. Ranar da muka sauka na karɓi katin masauki guda uku. Ɗaya na ɗinke shi a cikin hijabinta ta ciki da zare, ɗaya a 'yar jakar wuya, ɗaya a wurina. A bayan kowanne na sa aka rubuta lambar wayata da Larabci. Na ɗinka mana ƙyalle ruwan ɗorawa a bayan hijabi, tun daga nesa nake hango ta cikin dubban mata. Sannan ƙofa ɗaya muka riƙe ba mu sauya ba, Ƙofar Sarki Fahad, lamba 79. Kullum in za mu shiga sai na tsayar da ita na nuna mata lambar na ce ta maimaita. Na ce in kin neme ni kin rasa kada ki yi yawo, nuna wa kowane askar yatsa ki ce saba'in da tara, ko ki nuna katin, ki zauna a nan. Sau ɗaya muka rabu, bayan sallar isha'i. Na zo na same ta zaune a gindin ƙofar, wata 'yar Indunusiya ta ba ta dabino suna ta hira ba mai jin yaren wani.

Gwaggo Asabe kuma kada ka wahalar da ita, akwai keken turawa, ka tura ta da kanka ko ka biya a tura.

Nura Ingila: A ƙara da layin can, Yaya. Akwai STC da Mobily da Zain, da fasfo ake yanka, tun daga filin jirgi. In Gwaggo na da babbar waya ka kunna mata aika wurin da take ta WhatsApp, kana ganinta a taswira. In kuma dannawar ce Inna ke so, akwai manhajar Zello, maɓalli ɗaya ne babba, ka danna ka yi magana kamar oba-oba, amma ta intanet take bi, ba ta shiga zangon kowa.

Sani Ɗan Inna: Inna da babbar waya? Nura ka manta da wa ake magana.

Hajiya Binta: Ƙaramar ta isa. Ka sa farce ka kankare jan maɓallin ko ka liƙa masa filasta, ka ce mata wanda ba filasta shi za ta danna. Ka turo min ita ranar Asabar da wayar, ni zan koya mata, ku 'ya'ya ba ku da haƙurin koyarwa.

Sabi'u Mai Rediyo: Tambayarka ta farko kuma ba a amsa ba, ta jaka. Oba-oba dai ba ta tafiya. Amma batirin ajiya da abin cajin tafi-da-gidanka a jakar hannu ake sa su, ba a yarda a jefa su a babbar jaka ba, saboda in suka kama wuta a cikin kaya ba mai gani.

Sani Ɗan Inna: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na kira mai shagon yanzu, ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Sai dai in nemi mai saye.

Kwamanda Iro: Kawo su. Amma ba a kuɗin da ka saya ba, tunda yanzu duk zaure ya ji ba su da takarda. Musa, in da gaske kake rubuto mana wasiƙar neman izinin, in kai wa Hakimi ya sa hannu mu gani ko za a amsa.

Musa Dutse: Zan rubuta daren nan. Ka turo min adadinsu da lambar da ke bayan batirin kowacce.

Sani Ɗan Inna: Kwamanda sai dai biyu fa, ko ma ɗaya. Na shiga cikin gida ɗauko su na tarar ƙanena ya riga ya koya wa Inna. Tana zaune a kan tabarma da ɗaya, ɗayar an miƙa wa Gwaggo ta katanga, tun la'asar suke hirar kuɗin ɗinki. Na ce ta kawo ta ce wannan ce wayar da ta dace da ita, ba ta da jan maɓalli.

Sabi'u Mai Rediyo: Wace lamba ce a fuskarta?

Sani Ɗan Inna: Ban duba ba, ta hana ni taɓawa.

Sabi'u Mai Rediyo: To ka ce wa Gwaggo ta daina faɗar inda ta ajiye guzurinta. Gani nan zuwa bayan magariba in duba.